Jascha Heifetz: ɗan gudun hijirar da har yau ake gwada ingancin na'urorin sauti da kiɗansa

A shagunan sayar da manyan na'urorin sauraren kiɗa na Paris ko Tokyo, idan mai saye ya nemi a gwada masa lasifika kafin ya biya, cikin fayafayan da ake yawan ɗaukowa akwai waɗanda aka naɗa a Amurka tsakanin 1955 da 1962. Mutumin da ke kiɗa a cikinsu ya rasu tun 1987. Sunansa Jascha Heifetz, ana faɗinsa Yasha Haifets, kuma masana da dama na ɗaukar sa a matsayin wanda ya fi kowa ƙwarewa a ƙarni na 20 wajen kaɗa biyolon, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Rayuwarsa ta tafi kafaɗa da kafaɗa da tarihin naɗar sauti. Ya fara naɗa a zamanin da ake kiɗa cikin bakin ƙaho, ya gama a zamanin tef da sitiriyo. Har ya mutu ana gardama a kansa: wasu na cewa ba a taɓa yin kamarsa ba, wasu na cewa hannunsa ya fi zuciyarsa aiki. Fayafayan da ya bari su ne shaidun da ɓangarorin biyu ke kafa hujja da su.

Yaron Vilna

An haife shi ranar 2 ga Fabrairun 1901 a garin Vilna, wanda yau ake kira Vilnius, babban birnin Lituwaniya. A lokacin garin yana ƙarƙashin daular Rasha, kuma iyayensa Yahudawa ne. Mahaifinsa Ruvin makaɗin biyolon ne da ke neman abinci da wannan sana'a, shi ne kuma ya ɗora wa yaron ƙaramin goge a kafaɗa tun yana ɗan shekara 3. Daga hannun uba ya koma makarantar kiɗa ta garin, wurin wani malami mai suna Ilya Malkin. Yana ɗan shekara 7 ya tsaya gaban jama'a a garin Kovno ya kaɗa konserto na Mendelssohn, aikin da manyan makaɗa kan ɗauki shekaru suna koyo. Konserto dogon kiɗa ne da makaɗi guda ke jagoranta, babbar ƙungiyar makaɗa tana amsa masa.

A 1910 aka karɓe shi a babbar makarantar kiɗa ta birnin Saint-Petersburg. A nan iyalin suka ci karo da dokar daular, wadda ta killace Yahudawa a wasu yankuna na yammacin ƙasar, ta hana su zama a babban birni sai da izini na musamman. Ɗalibin makarantar yana da wannan izini, amma uban ɗalibi ba shi da shi. Dabarar da aka yi ita ce aka rubuta sunan Ruvin shi ma cikin jerin ɗalibai, magidanci mai iyali, don kada ƴan sanda su kore shi ya bar yaro ɗan shekara 9 shi kaɗai.

Malamin da ya gyara hannun yaron shi ne Leopold Auer, ɗan asalin Hangare, wanda ajinsa ya fitar da Mischa Elman da Efrem Zimbalist da wasu fitattu. Auer ne mutumin da Tchaikovsky ya fara sadaukar wa konsertonsa na biyolon, shi kuwa ya ƙi kaɗa shi da farko. Daga baya ya sauya ra'ayi, ya koyar da shi ga ɗalibansa. Wannan aikin ne Heifetz ya kaɗa a Berlin a watan Oktoban 1912, yana ɗan shekara 11, tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin ƙarƙashin jagorancin Arthur Nikisch. A wannan shekarar ce kuma Fritz Kreisler, wanda ake yi wa kallon sarkin makaɗan biyolon na lokacin, ya ji yaron a wani gida a Berlin. Waɗanda suka halarta sun ruwaito cewa Kreisler ya juya ga abokan sana'arsa ya ba su shawarar kowa ya karya gogensa ya huta.

Hijira ta gabas

Juyin juya halin 1917 ya tarar da iyalin a Rasha. Akwai gayyata daga Amurka, amma yaƙin duniya na ɗaya ya toshe hanyar yamma. Sai suka bi ta gabas: jirgin ƙasa ya ratsa da su Siberiya, suka tsallaka Japan, daga can jirgin ruwa ya kai su San Francisco, sannan suka sake ratsa Amurka zuwa New York. Ranar 27 ga Oktoban 1917 saurayin ɗan shekara 16 ya hau dandalin Carnegie Hall. Zauren ya cika da manyan makaɗa da suka zo ganin ko labarin da ake bayarwa gaskiya ne. Akwai wani labari da ya shahara daga wannan rana: Mischa Elman ya koka wa maƙwabcinsa Leopold Godowsky, mai kaɗa piyano, cewa zauren ya yi zafi, shi kuwa Godowsky ya amsa masa cewa masu piyano ba su jin zafin.

Abin da ya girgiza mutane a ranar shi ne daidaito. Biyolon, kamar gogen da ake kaɗawa a Maraɗi ko Damagaram, ba shi da alamomi a wuyansa da za su nuna wa yatsa inda zai sauka. Kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa ya karkatar da sauti. Heifetz yana gudu da yatsu fiye da kowa, kuma kunne ba ya kama shi da kuskure. Yana tsaye ƙyam, gogen a ɗage sama, fuskarsa ba ta motsi. Daga wannan rana ma'aunin ƙwarewa ya sauya ga duk wanda ke riƙe da biyolon. Bayan ya yi wasa a Landan a 1920, marubuci George Bernard Shaw ya aika masa wasiƙa cikin raha, yana ba shi shawarar ya riƙa yin kuskure guda kowane dare kafin ya kwanta, don kada cikar ƙwarewarsa ta jawo masa mugun abu.

Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1925. Kafin nan ya riga ya zagaya duniya, har Ostareliya da Japan, inda ya yi wasan tara kuɗi a Tokyo bayan girgizar ƙasar 1923. Rasha kuwa sau ɗaya ya koma mata, a 1934.

Daga ƙaho zuwa makirufo

Makonni biyu bayan wasan Carnegie Hall, kamfanin Victor ya kai shi ɗakin naɗa na garin Camden a jihar New Jersey. A lokacin ba a amfani da lantarki wajen naɗa. Makaɗi yana tsayawa gaban wani babban ƙaho, sautin ya bi ta cikinsa ya girgiza wata ƴar fata, fatar ta motsa allura, allurar ta yi zane a kan faifan kakin zuma. Wannan hanya ba ta kama sauti mai kauri sosai ko mai siriri sosai. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgizar iska daga 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, ƙahon kuwa abin da yake kamawa bai wuce daga wajejen 250 zuwa 2,500 ba. Tsirkiyar biyolon mafi kauri tana girgiza sau 196 a daƙiƙa, kuma ƙyallin muryar gogen yana can sama cikin dubbai. Ke nan ƙahon yana yanke gindin sautin, yana yanke kansa. Fuskar faifan garmaho mai juyawa sau 78 a minti ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti huɗu da ɗan wani abu, don haka gajerun kaɗe-kaɗe aka fi naɗa. Babu gyara kuma. In an yi kuskure, sai a jefar da kakin a sake daga farko.

Duk da haka fayafayan suka sayu ƙwarai, har suka riga shi isa ƙasashen da bai taɓa takawa ba. A 1925 makirufo ya maye gurbin ƙaho, faɗin abin da ake kamawa ya ninka, aka fara iya naɗar babbar ƙungiyar makaɗa yadda ya kamata. A 1935 Heifetz ya naɗa konserto na Sibelius a Landan tare da Thomas Beecham. Aikin ya shekara 30 da rubutawa amma makaɗa da yawa na tsoronsa, kuma wannan faifan ne ya buɗe masa hanya a duniya. A 1940 ya naɗa na Beethoven tare da Arturo Toscanini. Ya kuma sa an rubuta masa sababbi: William Walton ɗan Ingila ya rubuta masa konserto da aka fara kaɗawa a Cleveland a 1939, shi ne kuma ya fara kaɗa na Erich Korngold a 1947.

Ba ya ƙyamar dabarun na'ura. A 1946 ya naɗa konserto na Bach da aka rubuta wa biyolon biyu, ya kaɗa ɓangaren farko, sannan ya saurare shi ya ɗora na biyu a kai. Masu suka sun ce wannan alama ce ta mutumin da bai yarda akwai wanda ya isa ya tsaya kusa da shi ba. Ba ya ƙyamar kiɗan kasuwa ma. Ya fito a fim ɗin Hollywood a 1939, ya yi faifai da mawaƙi Bing Crosby, har ya rubuta waƙar soyayya da sunan aro na Jim Hoyl.

A lokacin yaƙin duniya na biyu ya ajiye manyan zauruka ya bi sojojin ƙawance zuwa Italiya da Faransa da Jamus, yana kiɗa a asibitoci da sansanoni, wani lokaci a bayan babbar mota da aka ɗora wa piyano. An ruwaito cewa wata rana ruwan sama ya kori jama'a, soja guda ya rage zaune, Heifetz ya kaɗa masa shirin gaba ɗaya, kuma daga baya yana lissafa wannan cikin wasannin da ya fi alfahari da su.

Sandar ƙarfe a Birnin Ƙudus

Abu mafi haɗari da ya same shi ya faru ne a 1953, lokacin ziyararsa a Isra'ila. Cikin shirinsa akwai sonata ta Richard Strauss, Bajamushen da ya shugabanci hukumar kiɗa ta gwamnatin Hitler daga 1933 zuwa 1935. Shekara takwas kacal da gama yaƙi, ƙasar cike take da waɗanda suka tsira daga sansanonin kisa, kuma an daina kaɗa ayyukan Strauss a bainar jama'a. Vilna, garin haihuwar Heifetz, na cikin garuruwan da aka kusan shafe Yahudawansu baki ɗaya. Ministoci sun roƙe shi ya cire aikin daga shirin, jaridu suka yi ca, wasiƙun barazana suka iso. Ya ƙi. Matsayinsa shi ne Strauss ya rubuta sonatar tun yana saurayi, a 1887, shekaru da dama kafin a san da ƴan Nazi, kuma ba wanda zai zaɓa masa abin da zai kaɗa.

Ranar 16 ga Afrilun 1953, bayan wasansa a Birnin Ƙudus, yana sauka daga mota a ƙofar otel ɗin King David, wani saurayi ya auka masa da sandar ƙarfe. Heifetz ya ɗaga hannu don ya kare akwatin gogensa, sandar ta same shi a hannun dama, hannun da ke jan baka. Maharin ya tsere, ba a kuma kama shi ba. Hannun ya kumbura amma ƙashi bai karye ba. Ya taƙaita ziyarar ya bar ƙasar, bai sake komawa ba sai 1970.

Har yau ra'ayi ya rabu kan lamarin. Akwai masu ganin ya nuna jarumtaka wajen kare ƴancin mai fasaha. Akwai masu ganin taurin kai ne, da rashin duba raunin mutanen da suka rasa iyaye da ƴaƴa. Abin da ba a gardama a kai shi ne da sandar ta sauka da ƙarfi kaɗan fiye da haka, da fayafayan da suka fi ɗaukaka sunansa ba su samu ba, domin dukansu bayan wannan dare aka naɗe su.

Shekarun sitiriyo

Bayan yaƙi, tef ya shigo ɗakunan naɗa, faifai mai dogon zango ya fito a 1948, wanda fuskarsa guda ke ɗaukar fiye da minti 20. Daga 1954 injiniyoyin kamfanin RCA Victor suka fara naɗar manyan ƙungiyoyin makaɗa ta hanyoyi biyu a lokaci guda, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, yadda kunnuwa biyu ke ji. Suna yin haka ne tun kafin a sami faifan da zai iya ɗaukar irin wannan sauti, domin faifan sitiriyo bai shiga kasuwa ba sai 1958. A lokacin ne kamfanin ya fara fitar da jerin da ya sa wa suna Living Stereo.

Hanyar aikinsu mai sauƙi ce. Makirufo kaɗan ake ratayewa a wuraren da aka zaɓa da kyau cikin zaure mai daɗin amo, sautin ya bi ta na'urori masu kwalaben lantarki ya sauka kan tef mai gudun santimita 38 ko 76 a daƙiƙa. Gudun tef da sauri haka yana cin tef da yawa, amma yana riƙe siraran sautuka, yana rage shuuu ɗin da ke bayansu. Daga 1956 suka koma hanyoyi uku, aka ƙara ta tsakiya. Da yake makirufon ba su da yawa, jagoran makaɗa ne ke daidaita ƙarfin kowane ɓangare a cikin zauren, injiniya bai cika taɓa komai ba. Shi ya sa mai saurare yake iya nuna inda kowane rukunin makaɗa yake zaune, yana kuma jin amsa-kuwwar bangon zauren. Sunayen da suka fi fitowa a wannan aiki su ne John Pfeiffer mai kula da naɗa, da injiniya Lewis Layton.

Heifetz ya shiga wannan zamani yana da shekara 54. A Fabrairun 1955 ya naɗa konserto na Brahms a Chicago tare da Fritz Reiner. A Nuwamban shekarar ya naɗa na Beethoven a Boston tare da Charles Munch, haifaffen Strasbourg, wanda shi ma da biyolon ya fara kafin ya zama jagora, kuma daga baya ya kafa Orchestre de Paris a 1967. Na Tchaikovsky ya biyo a 1957, na Sibelius da na Mendelssohn da na biyu na Prokofiev a 1959, sannan ayyukan Bruch da Vieuxtemps a Landan tare da Malcolm Sargent a 1961 da 1962. Gogen da ya fi amfani da shi kuwa ƙirar Guarneri del Gesù ne na garin Cremona a Italiya, na wajejen 1740, wanda ya saya a 1922. Ana kiransa David, da sunan Ferdinand David, makaɗin da ya fara kaɗa konserton Mendelssohn a 1845. Tsirkiyoyinsa biyu na tsakiya na hanjin dabba ne tsantsa, a lokacin da yawancin makaɗa suka koma waɗanda aka naɗe da ƙarfe.

Waɗannan fayafayai sun ƙara wa gardamar da ake yi a kansa wuta. Yana kaɗa konserton Beethoven cikin ƙasa da minti 40, alhali wasu manyan makaɗa kan kai minti 45. Tun 1940 mai sharhi Virgil Thomson ya rubuta cewa kiɗansa santsi ne da ƙawa irin na kayan alharini, ba zurfi. Masu kare shi suna cewa wanda ya ce Heifetz ba shi da zuciya, da ido ya saurare shi. Suna cewa a rufe ido a ji yadda yake sauya karkarwar yatsa daga sauti zuwa sauti, da yadda yake zamewa daga wuri zuwa wuri a kan tsirkiya kamar muryar mai kuka.

Akwai kuma batun makirufo. Heifetz yana son a kusanto masa da shi sosai, don haka a fayafayan gogensa yana fitowa gaba, ya fi girman da yake da shi a zaure. Makaɗan da suka ji shi ido da ido sun shaida cewa a kusa akwai wani ƙarce-ƙarce da ke fita duk lokacin da izgar bakansa ta ciji tsirkiya, amma kafin sautin ya kai kujerun baya ƙarcen ya narke, sai tsantsar murya. Makirufon kusa yana kama ƙarcen duka. Ke nan mai sauraren faifai yana jin abin da maƙwabcin Heifetz a kan dandali ke ji, wanda ya bambanta da abin da mai tikiti ya ji.

Malami mai tsanani

Daga ƙarshen shekarun 1950 ya rage yawon wasa ya koma koyarwa a Los Angeles, mafi yawa a jami'ar Kudancin Kalifoniya. An ɗauki wasu darussansa a fim a 1962, kuma ana ganinsa zaune da ƴar sanda a hannu yana buga tebur. Duk ɗalibin da ya shigo, kome sunansa, ana iya tsayar da shi a ce ya hau ya sauka kan matakan sauti kamar ɗan koyo, kuma wanda ya makara ya tarar da ƙofa a rufe. Cikin ɗalibansa akwai Erick Friedman, da Bafaranshe Pierre Amoyal wanda ya shekara biyar a hannunsa. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Aurensa biyu duka sun mutu, abokai da dama sun yi nesa da shi, kuma ba ya son a tambaye shi labarin kansa. Yana da wasu damuwoyi da suka riga zamaninsu: hayaƙin motocin Los Angeles ya dame shi har ya sa aka mayar masa da wata ƙaramar Renault mai aiki da batir, tun shekarun 1960.

A 1970 ya je Paris aka ɗauke shi don talabijin, yana kiɗa yana kuma jagorantar makaɗan ƙasar Faransa da kansa. Wasansa na ƙarshe shi kaɗai da mai piyano ya yi shi ne ranar 23 ga Oktoban 1972 a Los Angeles, yana da shekara 71, don tara wa ɗalibai kuɗin karatu. An naɗi wasan, kuma cikin shirin akwai sonatar Strauss ɗin nan da ta jawo masa duka a Birnin Ƙudus. A 1975 aka yi masa tiyata a kafaɗar dama, daga nan bai ƙara iya ɗaga baka yadda ya saba ba. Ya ci gaba da koyarwa da kiɗa a gida. Ya rasu ranar 10 ga Disamban 1987 a Los Angeles, bayan faɗuwar da ya yi a gidansa, yana da shekara 86. Gogensa David ya bar shi wasiyya ga gidajen tarihi na San Francisco, garin da ya fara sauka a 1917, da sharaɗin a riƙa ba makaɗan da suka cancanta su kaɗa shi.

Abin da tef ya riƙe

Faifan da aka sayar a 1958 bai iya fitar da duk abin da ke kan tef ɗin asali ba. Allura ba ta jure sauti mai ƙarfi sosai, don haka ana matse shi kafin a yanka faifai, kuma hanyoyi ukun nan sai an haɗe su sun koma biyu. Faifan CD da ya fito a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16. A 1999 kamfanonin Sony da Philips suka fito da SACD, mai auna sauti fiye da sau miliyan 2 da dubu 800 a daƙiƙa ta wata hanya dabam, kuma yana iya ɗaukar hanyoyi fiye da biyu. Daga 2004 aka koma rumbun RCA aka ɗauko tef-tef na asali, aka kwafe su kai tsaye zuwa wannan sabon faifai. A karon farko mai lasifika uku a gida ya iya jin Tchaikovsky na 1957 ko Sibelius na 1959 yadda injiniyoyi suka ji su a ɗakin aiki, gogen a tsakiya shi kaɗai, makaɗa a hagu da dama. Brahms da Beethoven na 1955 kuwa hanyoyi biyu aka naɗe su, haka nan suka fito. A 2011 kamfanin Sony ya tattara ayyukansa cikin akwati guda mai CD 103.

Yau ana sayar da irin waɗannan naɗe-naɗe ta intanet a matsayin fayil mai bit 24 da awo 96,000 ko 192,000 a daƙiƙa. Nauyinsu ba wasa ba ne ga mai sayen megas da kuɗinsa. Minti guda na MP3 irin wanda ake turawa ta waya bai wuce mega guda ba, na CD ya kai 10, na mai awo 96,000 ya haura 30 kafin a matse shi. Masana sauti ba su daidaita ba kan ko kunnen mutum yana bambanta CD mai kyau da abin da ya fi shi, tunda CD ɗin ma ya riga ya rufe iyakar jin ɗan Adam. Inda suka fi haɗuwa shi ne cewa babban bambanci yana zuwa ne daga tushe: ko tef na asali aka yi amfani da shi ko kwafin kwafi, ko an gyara na'urar da ke karanta shi da kyau, ko an bar shuuu ɗin tef yadda yake ko an goge shi har an haɗa da siraran sautukan gogen. Akwai kuma dalilin da bai shafi kunne ba. Tef yana tsufa, yana bushewa, yana iya ƙonewa, kamar yadda gobarar 2008 a rumbun kamfanin Universal da ke Los Angeles ta cinye ɗimbin naɗe-naɗen asali na wasu mawaƙa. Kwafi mai zurfin awo shi ne ajiyar da za ta rage ranar da tef ɗin ya daina karantuwa.

Wanda bai taɓa jin Heifetz ba yana iya farawa da mintunan farko na Sibelius na 1959, ko da da ƴan lasifikan kunne ne masu kyau, a wuri marar hayaniya. Makaɗa suna farawa can ƙasa-ƙasa kamar iskar asuba, sai gogen ya shigo a kansu da siririyar murya. A kwafi mai kyau ana jin cizon izga a kan tsirkiya, da faɗin zauren Chicago a bayansa. A nan kowa zai iya yanke wa kansa hukunci kan gardamar da aka fara tun 1917, ko mutumin nan mai fuskar dutse yana da zuciya a kiɗansa.